Yatsun Otilia

Shekara talatin da huɗu na yi ina koyarwa a firamaren San Cosme, ƙauyenmu a ƙasar Mexico, kuma babu abin da na fi nanata wa yara kamar wannan: in mutum ya gaya maka magana, tambaye shi a ina ya ji ta. Ban ce sun ɗauka ba. Ko Otilia, 'yar ƙanena, wadda ta yi shekara biyu a bencin gaba tana kallon bakina, ba ta ɗauka ba.

Wata Talata da hantsi na shiga gidansu aron rariya, sai na iske ta a bayan madafa, durƙushe gaban bokitin da suke jiƙa masara. Hannuwanta biyu na ciki har wuyan hannu. Ruwan ya yi fari fat da farar ƙasa, irin wadda muke dafa masara da ita kafin a niƙa, amma ko ƙwaya ɗaya babu a bokitin. A gefenta ga dutsen goge kaushi da wata guntuwar igiya.

Na tambaye ta me take wankewa. Ta ce ba wanki take yi ba, ba ta kuma ɗago ta dube ni ba.

Uwarta ce ta amsa daga bakin murhu. Genoveva matar ƙanena ce. Shekara arba'in muna tare, ban tuna ranar da bakinmu ya zo ɗaya ba in ba ranar da muka binne mijinta ba.

"Malama ta iso, a ɓoye bokiti," in ji ta. "Kaushi muke nema mata. Hannun nan kamar na jariri, wa zai ɗauke ta aikin gona da shi?"

Maganar aikin na san ta. Shagon maganin da Otilia ta yi shekara tara tana aiki a ciki a garin Apizaco ya rufe tun damina. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Noemí, mai shekara tara. Ta zaga ko'ina da takardunta ba ta samu komai ba, sai ga labari cewa wata gonar tumatir a Ontario ta ƙasar Kanada, irin ta cikin rumfunan gilashi, tana neman mata na shekara biyu, kuma wakilin gonar zai zo Tlaxcala, babban birnin jiharmu, ya gana da masu nema. Abin da ban sani ba shi ne shirin da ake yi a bayan madafa.

Genoveva ta zayyana mini shi tana juya tortilla, gurasarmu ta masara, a kan kasko. Kada Otilia ta ambaci cewa ta gama sakandare. Kada ta shafa turare. In an ba ta takarda ta sa hannu a karkace, kamar wadda ba ta saba da biro ba. Wannan ya ɗan sosa mini rai, don ni na koya mata rubutu, kuma rubutunta ya fi nawa kyau. Babban abin dai shi ne hannu. Wakilin yakan ce buɗe tafinka, ya shafa da babban yatsansa, in ya ji laushi sai ya ce na gaba.

Na ce wa ya gaya mata haka. Ta ce kowa ya sani.

"Kowa ba shi da gida, Genoveva, balle in je in ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ba ni suna."

Ta ce in je dandali in tambayi mazan da suka je suka dawo, tunda ni ba ni da aikin yi.

Ba ni da aikin yi kuwa, tunda na yi ritaya, don haka na je. A San Cosme da wuya ka sami gidan da babu wanda ya taɓa yin kakar tuffa ko ta kokwamba a Kanada. Ranar Lahadi bayan an fito daga coci na ɗauki wani tsohon littafin rajista da ya rage mini da shafuka, na bi su benci benci. Tambaya ɗaya ce: kai da idonka, an taɓa duba maka hannu? Mutum goma sha uku na tambaya, rabinsu na taɓa jan kunnensu a aji. Babu ko ɗaya da aka duba. Sun ce an auna musu jini, an duba ido, an sa su sun sunkuya don a ga lafiyar baya. Hannu kam, a'a, amma kowannensu ya san wanda aka duba. Crescencio ya ce Abundio ne. Abundio ya yi dariya ya ce ba shi ba ne, ƙanin matarsa ne. Ƙanin matar ya ce shi dai a bakin Don Eusebio ya ji. Na ja layi daga suna zuwa suna, sai na ga layukan duk sun gangara sun taru a kan Don Eusebio, tsohon da ya yi kaka ashirin da shida yana tsinkar tuffa a Quebec, can Kanada. Na je gidansa, aka ce ya tafi Puebla wajen 'yarsa sai bayan wata guda.

Na nuna wa Otilia shafin. Ta duba shi da kyau, don ba sakarya ba ce, sannan ta ce, "Gwaggo, in ke ce da gaskiya, na yi asarar fata. In Inna ce da gaskiya kuma na bi taki, na yi asarar aiki. Fata tana dawowa."

Lissafinta ya yi daidai, ko ni da haka zan yi.

Ta je Tlaxcala, ta dawo an ɗauke ta. Wakilin ma ashe mace ce, wata yarinya da kwamfuta. Otilia ta ce tun da ta zauna ta shimfiɗa hannuwanta a kan tebur, tafi a sama, ba ta ɗauke ba har aka gama. An tambaye ta ko tana tsoron bisa, don tumatir ɗin can a igiya yake hawa, sai an hau keken ƙarfe ake kai wa samansa. An tambaye ta ko tana jure zafi, da wanda zai riƙe mata yarinya. Na ce, to hannun fa, ta duba?

"Ta kalli tebur dai, Gwaggo."

Genoveva ta ce wa ya taɓa kallon tebur don tebur. Na ce kwamfutar ma a kan teburin take. Aka bar maganar a nan, kowa da tasa.

Da a ce an ajiye bokiti daga ranar, da babu labarin da zan ba ku. Amma sai aka ce kada kaushin ya tafi kafin ta isa can mai gona ya ga an yaudare shi. Ta ƙara mako biyu tana jiƙawa, tana gogewa, tana jan igiya tsakanin yatsu. Sannan ta hau mota zuwa birnin Mexico, ofishin da ake ɗaukar hoton yatsu kafin a ba mutum izinin shiga ƙasa.

Na'urar ba ta ga komai ba. Ta ɗora yatsu huɗu na dama a kan gilashi, allon ya nuna dunƙule huɗu kamar an dangwala ƙwai. Aka goge gilashin, aka sake, aka sake. A ƙarshe aka ba ta wata rana, bayan kwana ashirin da huɗu. Da ta kira wakiliyar gonar, sai ta ce mata ayarin zai tashi farkon Afrilu, wadda takardunta ba su kammala ba kafin lokacin za a sa wata a gurbinta, akwai mata da yawa a layi. Ranar da aka ba ta ita ce ta ƙarshe da za ta iya cim ma jirgin.

Da ta dawo na zaunar da ita a bakin taga, na ɗauko gilashin da nake karanta ƙananan rubutun kwalaben magani da shi. Kan yatsun sun yi sumul suna sheƙi kamar waken da aka ɓare, da 'yan tsage-tsage nan da can. Allah ya gafarta mini, tausayi ya zo, amma son sani ya riga shi zama. Shekara saba'in da ɗaya ina yawo da layukan nan a hannuna ban taɓa tambayar daga ina suke fitowa ba. In sun goge suna dawowa? In sun dawo, su ne dai na da, ko sababbi? Na tono wani littafin kimiyya na aji shida, ya ce fatar sama tana sabunta kanta cikin kamar mako huɗu, in dai raunin bai yi zurfi ba. Mako huɗu kwana ashirin da takwas ke nan. Mu ashirin da huɗu muke da su, har ɗaya ya tafi.

Genoveva ba ta ce ta yi kuskure ba, ban kuma jira ta ce ba. Kashegari kawai na iske bokitin cike da masara, ita kuma tana narka kitsen tunkiya. Ta ce kowa ya san shi ne maganin fata. Na ce basilin ya fi tsabta. Muka yi ta ja har Otilia ta ce in mun gama mu sanar da ita. Sai na kawo shawara: hannu biyu ne, a ba kowa ɗaya. Hagu na uwarta da kitse, dama nawa da basilin.

"Ni ba gonar gwaji ba ce, Gwaggo."

"Gona kike nema, saba tun yanzu."

Gidan ya juye. Matar da aka yi wata guda ana neman ta yi kaushi, yanzu ba a barinta ta taɓa ruwa, ko sabulu, ko ƙullu. Hannuwanta na cikin safar ƙafar marigayi mijinta dare da rana, don ba mu da safar hannu mai laushi. Tana zaune a tsakar gida kamar wadda aka sa wa lalle, kaji na yawo a ƙafarta ba ta da ikon watsa musu tsaba. Wanki ya koma kan Genoveva, tortilla ta koma kaina. Ni kuwa tun ina budurwa littafi na riƙe, nawa sukan fito da baki a karkace, tsakiya da kauri. Genoveva takan ɗaga ɗaya ta ce wa Noemí ta zo ta ga taswirar Kanada, Malama ta zana mata.

Duk bayan kwana uku nakan wanke yatsun da ruwan ɗumi, in dangwala su a tawadar tsohon hatimin makaranta, in jera su a rajista, kwanan wata a sama. Shafin farko baƙaƙen ɗigo ne goma. A rana ta tara na ga wani abu kamar inuwa a ƙaramin yatsan hagu. A ta goma sha biyu layuka sun fara lanƙwasa, siriri siriri, kamar kunyoyin gona in ka hango su daga kan tudu. Na nemo tsohon katin zaɓenta mai hoton yatsa na gwada. Su ne dai, babu wanda ya sauya hanya. Na daɗe ina kallonsu. Fatar ba ta manta ba, ban san inda ta ajiye ba.

Hagu ya riga dama, wannan dole in faɗa. Na ce mai yiwuwa don dama ya fi shan igiya ne, tunda da shi take ja. Genoveva ta ce mai yiwuwa don kitse ne. Ba ni da hannu na uku da zan raba gardamar, saboda haka daga rana ta goma sha biyar na bari aka shafa kitsen a duka biyun. Babban yatsan dama shi ne ya ƙi. Tsakiyarsa ta zauna fili fetal, sai gefe-gefe.

A cikin kwanakin ne Don Eusebio ya dawo. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, na buɗe rajista na yi masa tambayata. Ya ce kaka ashirin da shida, babu wanda ya taɓa ce masa buɗe hannu. Na ce to mutum nawa suka ce a bakinsa suka ji, shi a ina ya ji?

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga da gaske nake.

"A bakinki mana, Malama. 'Ya'yana uku ne suka kawo mini shi gida daga ajinki, ɗaya bayan ɗaya. Labarin Don Melitón."

Melitón mahaifina ne. Mai aski ne, hannunsa kullum cikin kumfa. A shekarar alif ɗari tara da hamsin da bakwai, da zai tafi neman aikin auduga a Amurka, ya yi wata guda yana murje busasshiyar masara da tsirar hannu har ya yi jini, domin a sansanin ɗaukar leburori na wancan zamani ana duba tafi, shi da kansa an shafa nasa. Ina da shekara kaɗan, amma na tuna ƙamshin man da uwata take shafa masa. Kowace shekara, in mun zo darasin tarihin mutanenmu da suka tafi arewa, nakan ba yara labarin, don su ga yadda aka taɓa taya mutum kamar alfadari. Nakan nuna musu yadda ake shafa tafin da babban yatsa. Aji talatin da huɗu. Darasin ya tsaya a makaranta, dabarar ce ta bi su gida.

Na ja layi daga sunan Don Eusebio, na rubuta nawa a ƙasa: Herminia. Babu inda layin zai ƙara zuwa.

Ban kai gidansu Otilia ba labarin ya riga ni, San Cosme ke nan. Genoveva na shanya, ba ta juyo ba.

"Ashe Kowa yana da gida," in ji ta. "Har na san ƙofar, shuɗiya ce."

Na ɗauki ƙullu na hau aiki.

Ranar komawa na ce da ni za a je. Muka hau motar sassafe, Otilia da safarta a hannu, ni da jakarta da takardunta, ni ce ma mai miƙa tikiti. Wata mata a kujerar gefe ta tambaya ko ƙuna ce, Otilia ta ce kusan haka. Sai da muka isa ƙofar ofishin na cire mata safar, na goge kitsen da tsumma mai tsabta. Suka bar ni na shiga don na ce ni ce mai riƙe mata kaya, kuma ba a cika musu da tsohuwa mai tabarau ba.

Ma'aikaciyar wata mace ce mai furfura kaɗan, da alama ta daɗe a kan na'urar. Huɗu na hagu suka hau gilashi, allon ya yi kore. Huɗu na dama, ya yi jim, ya yi kore. Manyan yatsu biyu, ya ƙi. Ta goge gilashin, aka sake, ya ƙi.

Matar ta kama babban yatsan dama ta juya shi a haske. Ta tambaya daga ina muke, muka ce Tlaxcala. Ta girgiza kai ta ce ta sani, duk wata sai ta ga irinsu, matan ƙauye da aiki ya cinye wa yatsu tun suna yara, wanki da niƙa da gona, mutanen birni ba su san wahala ba. Na buɗe baki. Shekara talatin da huɗu na gyara kuskure a duk inda na gan shi, ga kuma rajista a jakata da hujja shafi shafi. Otilia ta taka mini ƙafa, da ƙarfi, ba tare da ta daina kallon matar ba. Na rufe.

"Shafa shi a gefen hancinki, 'yata," in ji matar. "Ya bushe da yawa ne. Ɗan maiƙo yake so, kuma kada ki danna, ki kwantar da shi kawai."

Ni da hannuna na goge maiƙon a bakin ƙofa. Otilia ta shafa yatsan a gefen hanci, ta kwantar da shi. Allon ya tsaya yana tunani, har na ƙirga bakwai a zuci, sannan ya yi kore. Matar ta ce na gaba.

A waje Otilia ta zauna a kan dakalin wata bishiya ta yi kuka kaɗan, sannan ta ce yunwa take ji, kuma da hannunta za ta ci. Muka sayi masara dafaffa da barkono da lemun tsami. Ta riƙe ta da yatsu goma, ruwan yana bin gwiwar hannunta.

Ta tashi ran uku ga Afrilu. Bayan mako biyu ta kira a waya, muka taru a madafa, Noemí riƙe da wayar. Ta ce sanyi a waje, zafi a cikin rumfa, su shida ne a gida ɗaya, biyu 'yan Guatemala, kuma tortillar shagon can ta fi tawa muni, abin da ba ta zaci zai yiwu ba. Na jira har yarinyar ta gama ba ta labarin makaranta, sannan na matso na yi tambayata.

Ta yi dariya. Ta ce kowace safiya a ƙofar rumfa ana ba su safar hannu ta roba, shuɗiya, ana sauyawa in an sauya layi, don kada a ɗauki cuta daga wannan shuka a kai wa waccan. Wanda aka kama ya taɓa ganye da tsirar hannu sai an yi masa faɗa. Tun da ta sauka babu wanda ya ga tafinta sai matan da take cin abinci da su.

Na dubi Genoveva. Ta ce ai sun riga sun gani a Tlaxcala, me za su sake dubawa.

Lahadin da ta wuce na je kasuwa sayen albasa. A layin mai nama na ga mata biyu 'yan unguwar gangare, waɗanda na ji an ce sun ba da sunansu a ayarin kaka. Dukansu da safar ƙafa a hannu, ƙanshin kitsen tunkiya na tashi, wata 'yar'uwarsu na riƙe musu kwando. Ko ranar ganawa da wakiliya ba a ba su ba tukuna, kuma yatsunsu lafiya lau. Na tambayi babbar me ya same ta. Ta ce ba komai, Malama, sai da kwana ashirin da huɗu na kitse ake samun Kanada, kowa ya sani.

Na ajiye albasar a kan teburin mai nama, na lalubo biro a jaka. Rajistar tana da sauran shafi shida.